Waiwaye: Yadda hanyar rarraba mujallu a Japan ta ginu, kuma ta fara rushewa

A duk nahiyar Asiya da wuya a sami ƙasar da ta tsara kai mujalla hannun mai karatu kamar Japan, shi ya sa halin da wannan tsari ya shiga a yau ya cancanci a waiwayi asalinsa.

Tushen lamarin yana komawa ga shekarar 1909, lokacin da wani kamfanin ɗab'i na Tokyo, Jitsugyo no Nihon Sha, ya amince wa masu shaguna su maido masa da kwantan mujallarsa ta mata ba tare da sun biya ba. Tun da asarar kwantai ta daina hawa kan mai shago, sai ya zama ko ƙaramin kanti a ƙauye yana iya baje mujallu iri-iri ba da fargaba ba, kuma sannu a hankali wannan ya zama al'adar kasuwar baki ɗaya. A 1941, cikin yaƙi, gwamnati ta haɗe dillalan littattafai da mujallu a ƙarƙashin kamfani guda, wanda aka rushe a 1949 bayan an ci Japan da yaƙi. Daga ɓaraguzansa ne Tohan da Nippan suka fito, manyan dillalai biyu da har yau suke riƙe da mafi yawan kasuwar. A 1953 kuma aka gyara dokar hana babakere ta yadda mawallafi ne ke yanka farashi, kuma farashin ɗaya ne a Tokyo da tsibirin Hokkaido.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne cewa mujalla ce ke ɗaukar nauyin motar dakon kaya. Mujallun mako-mako da na wata-wata suna fitowa da yawa, a ranakun da aka sani, saboda haka manyan motoci suna da dalilin zagaya ƙasar kusan kullum, littattafai kuwa raɓawa suke yi a cikin lodin, ba su biyan cikakken kuɗin dakonsu. Da shagunan unguwa masu kwana a buɗe suka yaɗu, bayan Seven-Eleven ya buɗe reshensa na farko a Tokyo a 1974, sai wuraren sauke kaya suka ƙaru da dubbai. A wancan zamani wannan alheri ne, domin mujallar zane-zane ta Shonen Jump kaɗai ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda a 1995, cinikin mujallu kuma ya kai ƙololuwarsa a 1997, sama da yen tiriliyan 1.5.

Daga nan al'amura suka juya. Intanet da wayar hannu sun kwashe masu karatun cikin jirgin ƙasa, waɗanda a da su ne manyan masu saye, sannan yawan matasa ya yi ta raguwa. A 2016 cinikin littattafai ya zarce na mujallu, karo na farko cikin shekara 41, kuma ba don littattafai sun bunƙasa ba, sai don mujallu sun faɗi. Zuwa 2023 cinikin mujallun takarda bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da yake a 1997 ba. A wannan shekarar ce ma mujallar mako-mako ta Shukan Asahi, wadda ta fara fitowa a 1922, ta daina fita.

Matsalar dillali ta fi ta mawallafi muni, a ganina, domin shi ba ya iya rage tafiya gwargwadon raguwar kaya. Dole mota ta tsaya a kowane shago da daddare ko da ɗaurin da za ta sauke bai taka kara ya karya ba, sannan kusan kashi 40 cikin ɗari na mujallun da aka kai suna dawowa kwantai, wato an yi dako sau biyu a kan kayan da ba a sayar ba. Ƙananan dillalai ne suka fara durƙushewa: Kurita a 2015, Taiyosha a 2016. A 2019 aka jinkirta ranar fitar mujallu da kwana ɗaya a yankunan Chugoku da Kyushu saboda ƙarancin direbobi, aka kuma riƙa ƙara yawan ranakun Asabar da ba a kai kaya.

A watan Afrilun 2024 dokar da ta taƙaita aikin bayan lokaci na direbobin manyan motoci zuwa awa 960 a shekara ta fara aiki. Dokar daidai ce, don an daɗe ana tatsar waɗannan mutane, sai dai ta tona cewa arhar dakon mujalla a kan wahalarsu ta ginu. A ƙarshen Fabrairun 2025 Nippan ya daina kai wa shagunan unguwa na kamfanonin Lawson da FamilyMart kaya saboda asarar da yake tafkawa. Tohan ya karɓi aikin, amma a shaguna kusan 20,000 kawai daga cikin kusan 30,000.

Wanda ya fi jin jiki shi ne mutumin karkara. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙananan hukumomin Japan ba su da shagon littattafai ko ɗaya, kuma a irin waɗannan wurare kantin unguwa ne kaɗai inda ake ganin mujalla. Ma'aikatar tattalin arziki da kasuwanci ta kafa kwamitin tallafa wa shagunan littattafai a watan Maris na 2024, su kuma dillalai suna matsa wa mawallafa su ƙara abin da suke biya na dako, tare da rage yawan kwafin da ake turawa don kwantai ya ragu. Ƙananan mawallafa, waɗanda tsohon tsarin ya ba damar isa kowane lungu da farashi ɗaya da manya, su ne ƙarin kuɗin zai fi yi wa nauyi.