AU Zinare Ne Ko Tarayyar Afirka? Tambayoyi Da Amsoshi A Kan Taƙaitattun Sunaye

Da wuya mutum ya karanta shafi ɗaya na jarida, ko takardar asibiti, ko saƙo a waya, bai ci karo da baƙaƙe biyu ko uku da aka jera a madadin dogon suna ba. Wanda ya rubuta ya san abin da yake nufi. Mai karatu kuwa sau da yawa sai dai ya yi hasashe, domin baƙaƙen nan iyayengijinsu na da yawa. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a kan wannan lamari.

Me ya sa taƙaitaccen suna ɗaya yake ɗaukar ma'anoni da yawa?

Dalilin farko lissafi ne kawai. Yawancin gajerun sunayen nan da baƙaƙen Turanci 26 ake ƙirƙirar su. In ka jera su biyu-biyu ta kowace fuska, 676 za ka samu, ba ƙari. In uku-uku ne, 17,576. Su kuwa ƙungiyoyi da cututtuka da magunguna da na'urori da kamfanonin da ake son taƙaita sunansu ba su ƙidayuwa. Dole a yi takwara. Kamar sunan yanka ne: a cikin gida in an kira Musa mutum ɗaya ne zai amsa, a tsakiyar taro kuwa sai goma su waiwayo.

Na biyu, babu wata hukuma a duniya da ke raba wa mutane baƙaƙe. Likita yana taƙaita nasa, injiniya yana taƙaita nasa, ma'aikacin banki ma haka, ba wanda ya shawarci wani. A shekarar 2020 wasu masu bincike biyu da ke aiki a Ostareliya, Adrian Barnett da Zoe Doubleday, suka bi kanun maƙalun kimiyya sama da miliyan 24 da aka buga daga 1950 zuwa 2019, haɗe da taƙaitaccen bayanin akasarinsu. Sun tarar da taƙaitattun sunaye daban-daban fiye da miliyan ɗaya. Kashi 79 cikin 100 daga cikinsu ba a yi amfani da su ya kai sau goma ba. Waɗanda suka zauna da gindinsu, ake maimaita su a kai a kai, kaɗan suka haura 2,000. Wato akasarinsu marubuci ne ya ƙirƙira don jin daɗin kansa, ya bar mai karatu da wahalar haddacewa.

To shi AU ɗin, mene ne ainihin ma'anarsa?

Ba shi da ainihi guda. A bakin ɗan jarida Tarayyar Afirka ce, wadda aka ƙaddamar a Durban a 2002, hedikwatarta tana Addis Ababa. A ɗakin gwajin sinadarai Au zinare ne, sinadari na 79 a jadawali, daga sunansa na Latin, aurum. Masanin falaki kuma ma'aunin nisa yake nufi, tazarar da ke tsakanin duniya da rana, kimanin kilomita miliyan 150. In a ƙarshen adireshin intanet ka gan shi, Ostareliya ce.

AI ya fi shi tara jama'a. Yau duk wanda ya ji AI, ƙirƙirarriyar basira ce ke faɗo masa a rai, fannin da aka raɗa wa suna a taron kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. Amma likitan dabbobi ya daɗe yana rubuta AI yana nufin barbarar da ake yi wa saniya da hannu, a ɗura mata maniyyin zaɓaɓɓen bijimi. Shi dai wannan likita in ya shiga gonar kaji, AI ɗinsa ta koma murar tsuntsaye. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suna nufin Amnesty International, wadda aka kafa a Landan a 1961. A allon filin jirgi kuwa lambar kamfanin Air India ce.

Akwai ma waɗanda wannan takwarantaka ta zame musu arziki. Anguilla ɗan tsibiri ne a yankin Karebiyan da ke ƙarƙashin Birtaniya, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Tun da aka raba wa ƙasashe ƙarshen adireshin intanet, rabonsa ya faɗa a kan .ai. Da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta rububin adireshi mai wannan wutsiya, tsibirin ya samu kusan dala miliyan 32 a 2023 kaɗai, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa.

Wannan ba matsalar masu Turanci kaɗai ba ce?

A'a. Dubi AS. A littafin addini, bayan sunan annabi, alaihis salam ake nufi. A takardar gwajin jini kuwa AS na nuna mutum ya gaji lafiyayyen sinadarin jini daga ɗaya cikin iyayensa, ya gaji na sikila daga ɗayan. In irinsu biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A jadawalin sinadarai As guba ce, arsenik. Haka RA: a wurinmu radiyallahu anhu, a wurin likita wani ciwon gaɓoɓi da garkuwar jiki ke haddasawa, a wurin masanin sinadarai kuma Ra shi ne radiyam da Marie Curie da mijinta Pierre suka gano a 1898.

Sai dai a lura da abu ɗaya, domin shi ne mabuɗin zancen nan gaba ɗaya. Ba wanda zai ga AS bayan sunan Annabi Musa ya zaci sakamakon gwaji ne. Nisan da ke tsakanin fannonin biyu shi yake tsare mai karatu. Inda ake jin jiki shi ne inda ma'anoni biyu suke zaune a ɗaki ɗaya.

Ina ne suke zama a ɗaki ɗaya?

Asibiti ne kan gaba, kuma nan ne abin ya wuce ruɗani ya kai ga rai. MS a takardar magani yana iya zama mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi wanda in ya yi yawa yake danne numfashi. Yana kuma iya zama gishirin magniziyam da ake yi wa mai ciki allurarsa in jijjiga ta kama ta. Dukansu allura ne, dukansu ana iya samun su a ɗakin haihuwa ɗaya, kuma ma'aikaciyar jinyar da za ta ɗauko ɗaya cikin dare ba ita ta rubuta takardar ba. Ban da su, MS sunan wata cutar jijiyoyi ce da ke cin rufin jijiyar ƙwaƙwalwa da laka.

Shi ya sa a 2004 Joint Commission, hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka, ta fitar da jerin taƙaitawar da ta hana rubutawa. MS yana ciki. Akwai U, ma'aunin insulin ɗin masu ciwon suga: in likita ya rubuta 4U da hannu cikin gaggawa, sai a karanta 40, a yi wa mara lafiya ninki goma na abin da ya kamata. Akwai IU, wani ma'aunin magani na ƙasa da ƙasa, da ake ɗauka IV ne, wato ta jijiya, ko a ɗauka lamba 10 ce. Akwai QD da QOD, na farko a sha kullum, na biyu a sha yau a tsallake gobe, tsakaninsu ɗan zagaye ɗaya ne da alƙalami kan iya haɗiyewa. Maganin da hukumar ta kawo ba wata fasaha ba ce, cewa ta yi a rubuta kalmar cikakkiya. A ganina wannan hukunci ya dace da kowane asibiti a duniya. Daƙiƙa biyun da likita zai rage wa kansa ba su kai a sa ran wani a caca ba.

Babban baƙi da ƙarami suna canza ma'ana da gaske?

Ƙwarai kuwa, musamman a ma'aunai. Co sinadarin kobal ne, ƙarfen da ake sawa a batiran waya. CO iskar nan ce mai guba, mara wari, da ke fita daga janareta. mW da MW duka ma'aunin lantarki ne, amma na biyu ya ninka na farko sau biliyan ɗaya: ɗaya ƙarfin ɗan ƙaramin fitila ne, ɗaya na tashar wuta.

Wanda ya fi shafar kowa shi ne MB da Mb. Girman fayil da megabait ake auna shi, MB, saurin intanet kuma da megabit, Mb, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya. Saboda haka mai layin da ke gudun Mb 10 a daƙiƙa, in zai sauke bidiyo mai MB 100, daƙiƙa 80 zai jira, ba 10 ba. Mutane da yawa sukan zargi kamfani da cuta alhali ƙaramin baƙi ne ba su lura da shi ba.

Ai ko lokaci da sunayen ƙasashe sun tsira, tunda na kowa ne?

Ba su tsira ba. CST lokacin Chicago ne, lokacin Beijing ne, lokacin Kyuba ne, kuma tsakanin na Chicago da na Beijing awa 14. IST na Indiya ne, na Isra'ila ne, na Ayalan ne a lokacin bazara. Wanda aka gayyata ganawa ta intanet da ƙarfe 9 CST, in bai tambaya ba yana iya zuwa bayan an watse da rabin yini.

Ƙasashe ma kowane fanni da jerinsa. A tsarin ISO 3166 na ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, wanda intanet ke bi, NG Najeriya ce, NE Nijar, NI kuwa Nikaragua. A gasar Olamfik, NIG Nijar ce, Najeriya NGR. SA Saudiyya ce, Afirka ta Kudu ZA. CH Suwizalan ce, Sin kuwa CN. Kama da wane ba ta wane.

In an yi rikici a kan baƙaƙe, wa ke da su?

A doka ba wanda ya mallaki baƙaƙe tsurarsu, sai dai alamar kasuwanci a wani fanni. ICC sunan Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ne da ke Hague, sunan hukumar wasan kurket ta duniya ne, sunan zauren 'yan kasuwa na duniya ne da ke Paris, wanda aka kafa a 1919, kuma kowa yana harkarsa. Amma WWF ta kai ga kotu. Asusun kare namun daji mai tambarin panda, wanda aka kafa a 1961, ya yi ƙarar kamfanin kokawar Amurka mai irin waɗannan baƙaƙe bisa karya yarjejeniyar da suka ƙulla a 1994. Kotun Ingila ta ba asusun gaskiya, a 2002 kamfanin kokawa ya koma WWE.

Wani lokaci ma da na'ura ake rikicin. Masana ƙwayoyin gado suna da waɗanda suke kira SEPT1 da MARCH1. In aka shigar da su manhajar Excel sai ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da su 1 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani bincike na 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da ya duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya sanar da sauya guda 27, SEPT1 ya zama SEPTIN1, MARCH1 ya zama MARCHF1.

Mai karatu fa, yaya zai gane wadda ake nufi?

Ya fara da tambayar kansa wa ya rubuta, kuma wa aka rubuta wa. BP a katin asibiti awon jini ne, a shafin kasuwanci kamfanin mai ne, a littafin masu tonon kayan tarihi kuma ƙidayar shekaru ce da ake farawa daga 1950 a yi baya. Sannan ya koma farkon rubutun, domin marubucin kirki a nan yake warware sunan. In zai bincika a intanet, kada ya rubuta baƙaƙen kaɗai, ya haɗa da sunan fannin. In kuwa takardar magani ce, ko kwangila, ko lokacin tashin jirgi, to ba wurin hasashe ba ne, ya tambayi wanda ya rubuta.

Amma nauyin ya fi hawa kan marubuci. Ya rubuta cikakken suna a karon farko. Abin da zai ambata sau biyu kacal ba ya bukatar taƙaitawa. Ya kuma tuna harshe na juya baƙaƙe: ECOWAS ita ce CEDEAO a Faransanci, WHO ita ce OMS, AIDS ita ce SIDA, UN ita ce ONU, ita ce kuma MDD a jaridun Hausa. Mai rubutu don masu karatun da wasunsu suka yi boko da Ingilishi, wasu da Faransanci, in ya tsaya a baƙaƙe ɗaya ya bar rabinsu a baya.

Kowane taƙaitaccen suna yana da dogon suna a bayansa?

Ba duka ba. Kamfanin BP tun 2001 sunansa a hukumance baƙaƙen biyu ne kawai. UTC, ma'aunin lokacin duniya, sulhu ne: da Ingilishi CUT zai kasance, da Faransanci TUC, sai aka zaɓi jerin da bai dace da ko ɗaya ba don kowa ya yi amfani da abu guda. Ƙungiyar ISO ita ma ta ce sunanta daga kalmar Girkanci isos yake, mai nufin daidai, saboda kada ya riƙa canzawa daga harshe zuwa harshe.

SOS, kiran neman agaji a teku, tun asali ba ya tsaye a madadin kowace jimla. Jamus ta fara amfani da shi a 1905, taron ƙasashe a Berlin ya amince da shi a 1906, ya fara aiki a duniya a 1908. An zaɓe shi ne saboda sauƙin bugawa da ganewa a wayar tangarahu: ɗigo uku, ja uku, ɗigo uku. Jimlolin da ake jingina masa daga baya mutane suka ƙirƙiro su.