Kunna wasan kwamfuta a kan tsarin da ba nasa ba

Wannan dabara ce ta sa wasan da aka ƙera don wani tsarin aiki, galibi Windows, ya tashi a kan wani tsarin daban kamar Linux ko macOS ko Android ɗin da ke cikin salula. Abin da ke hana shi tashi tun farko shi ne kowane tsari yana da yaren da ake roƙonsa da shi. Wasan Windows in zai zana hoto galibi DirectX, manhajar zanen hoto ta Windows, yake kira, to Linux bai san wannan kiran ba, ko ka danna fayil ɗin sau ɗari shiru za ka ji.

Hanya ta farko ita ce ta tafinta. Wine, manhajar da ke wannan tafintar, shi ne tsohon hannu a nan, an fara shi a 1993, Alexandre Julliard ya riƙe ragamarsa tun 1994, kuma sai a 2008 fitowa ta 1.0 ta samu, shekara 15 ke nan ana fama. Shi Wine ba ya gina wata kwamfutar ƙarya a cikin taka, kiran da wasan ya yi wa Windows kawai yake tarewa ya juya shi zuwa abin da Linux ke ji, shi ya sa bai cika cin ƙarfin inji ba. A ganina nan ne amfaninsa yake ga mu 'yan Damagaram, don yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗaliban jami'ar André Salifou da samarin fada na hannu ne, waɗanda suka sha aiki a wani waje kafin su iso, ba su da rarar ƙarfin da za a zubar.

A watan Agusta 2018 kamfanin Valve, masu Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, suka fito da Proton tare da kamfanin CodeWeavers. Wine ne dai aka ƙara masa kaya, babba a ciki DXVK na Philip Rebohle wanda ke mayar da kiran Direct3D (ɓangaren zanen hoto na DirectX) 9 da 10 da 11 zuwa Vulkan, yaren zanen hoto da Linux ke ji, sai VKD3D-Proton da ke ɗaukar na 12. Da Proton ne Steam Deck, ƙaramar na'urar wasa ta Valve da ake riƙewa a hannu, da ya fito a Fabrairu 2022 yake kunna dubban wasannin Windows alhali Linux ne a cikinsa. Amma fa a kula, in katin hoton inji ya tsufa har bai san Vulkan ba to DXVK ba zai yi ba, sai a koma tsohuwar hanyar OpenGL mai nauyi, kuma wannan matsalar ta fi samun irin injinan da muke saye.

Hanya ta biyu ita ce emulato, wanda ke kwaikwayon injin gaba ɗaya har da ƙwaƙwalwarsa. DOSBox na tsofaffin wasannin DOS, tsarin da ya riga Windows, haka yake, haka PPSSPP da Henrik Rydgård ya fito da shi a 2012, wanda duk yaron da ke buga PES na PSP, ƙaramar na'urar wasa ta Sony, a salularsa daga Birni har Zango da shi yake bugawa ko bai san sunan abin ba. Winlator kuma haɗa biyun ya yi a Android, Wine na fassara kiran Windows, Box64 na fassara umarnin ƙwaƙwalwar x86 ta kwamfuta zuwa ARM ta salula. Aiki biyu a kai ɗaya, shi ya sa waya ke ɗaukar zafi, batir ya zube, balle a zafinmu na watan Afrilu.

Akwai kuma masu raba faifai gida biyu, Windows gefe Linux gefe, su zaɓa lokacin kunnawa.

Inda abin ya fi cijewa shi ne wasannin intanet masu manhajar kama maguɗi. Easy Anti-Cheat da BattlEye sun yarda da Proton tun 2021, amma sai kamfanin da ya ƙera wasan ya buɗe ƙofar da kansa, Fortnite bai buɗe ba, Valorant ma da tasa manhajar kama maguɗin, Vanguard, ba ya tashi a Linux sam. Don haka kafin mutum ya ƙona kuɗin data wajen sauke wasa mai giga 50, gara ya leƙa shafin ProtonDB tukuna, inda masu wasa ke ba kowane wasa daraja daga Platinum, wato ya tashi lafiya lau ba gyara, zuwa Borked, wanda ko motsi ba ya yi.