Waiwaye: Aikin mata da na maza a karkarar Kano da Jigawa

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tufafi ne babbar hajar ƙasar, kuma kowa da nasa fannin. Mata ke gurzar auduga su yi kaɗi da mazari, maza su yi saƙa, a rina a marinar Kura ko Ƙofar Mata, fatake su kai har Agadas. Duk turkuɗin da Buzu ya naɗa, wata mace ce ta kaɗa zarensa, kuma ita ce mai ƙaramin rabo.

Zuwan jirgi ya buɗe cinikin gyaɗa. Gandu na maigida ne, don haka kuɗin buhun da aka kai wa wakilan su Alhassan Ɗantata aljihunsa suke shiga. Mata ke ɓara da roro. A daidai wannan zamani ne kulle ya bazu a ƙauyuka, domin bayan an daina bauta, rashin zuwa gona ya zama alamar 'ya mace mai 'yanci. Sai sana'a ta koma tsakar gida: ƙuliƙuli, man gyaɗa, daddawa, fura, yara na kai talla. Abin da ta samu nata ne, da shi take zubin adashi da tara kayan ɗakin 'yarta, wani lokaci ma maigidan ya ranta a wurinta idan damina ta yi tsanani.

Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa maza suka fi ɗauka. A ganina ba nan asarar mata ta tsaya ba. Zaren masaƙa ya kashe kaɗi. Injin niƙa ya karɓe niƙan da ake biyan mata su yi a kan dutse, kuma mai injin namiji ne. Haka injin matse gyaɗa. Kusan duk sana'ar da inji ya shiga, ribarta sai ta sauya hannu, domin jari da filin jingina suna wajen maza. Su ma mazan ba su daɗe suna dariya ba: bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masaƙu suka dinga rufewa, aka koma cirani da acaɓa, da Kano ta hana acaɓa a 2013 aka koma adaidaita sahu.

Dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974, ya kawo noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure. Nan zawarawa da dattijai mata suka fito ƙwadago, tsinkar tumatir da shiƙar shinkafa, galibi a kan abin da bai kai na namiji ba, wani sa'in ma da 'yan kwanonin hatsi ake sallamarsu. Har yau a Kura za ka ga mace tsaye kan tukunyar turara shinkafa tun asuba, hayaƙi na cin idonta, a biya ta kan kowane buhu. A Jigawa mata ke tsince zoɓo da gyaran riɗi, amma cinikin da ake ƙullawa a Maigatari da Dawanau na dillalai ne.

Yanzu akwai malaman makaranta mata, ma'aikatan asibiti, da masu sayar da atamfa ta WhatsApp. Sai dai mai tattara alƙaluma yakan tsaya a zaure ne, ya tambayi maigida ko iyalinsa na aiki, ya ce a'a, suna gida. Haka ake rubuta mai suyar ƙuliƙuli a sahun marasa aiki, kuma da wannan lissafin ake tsara rabon bashi da tallafi.