Mece Ce "Shaida"? Kalmar Da Ta Cika Rediyo Da Majami'u

Kwanakin nan duk inda ka kasa kunne a Damagaram sai ka ji "shaida". Mai labarai a rediyo ya ce wani "ya shaida wa wakilinmu", alhali mutumin faɗa kawai ya yi, bai ga komai da idonsa ba. Ɗan siyasa ya ce "jama'a shaida ne" a kan aikin da jama'ar ba su taɓa gani ba. A WhatsApp kuma ana ta tura muryoyi da sunan "shaida mai zafi". Wannan sakacin ya bi mutane har cikin majami'a, inda ake ware lokacin shaida a sujadar Lahadi ko a taron zumuntar mata, kuma a nan ne ya fi yin ɓarna.

Kalmar daga Larabci Hausa ta aro ta, tushenta ɗaya da "shahada" da "shahidi". Ma'anar tushen ita ce mutum ya halarci abu, ya gani, sannan ya faɗa. Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi ma haka ya yi: kalmar "martus" mashaidi take nufi, daga baya ta zama sunan wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa. A Ayyukan Manzanni 22:20 Bulus ya kira Istifanus mashaidin Ubangiji, yana maganar ranar da aka zubar da jininsa. Harsuna biyu da ba dangin juna ba sun haɗa mai shaida da mai ba da ransa a kalma guda, domin wanda ya ga abu da gaske ba ya iya janye maganarsa ko da za ta ci shi.

Bahaushe bai ma buƙaci Helenanci ba. A je wurin ɗaurin aure a Birni ko Zango. Waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an ambaci sadaki, sai a tambayi taro ko sun shaida, su amsa "mun shaida". Wanda ya iso bayan an shafa fatiha zai ci goro, zai yi murna, amma ba ya cikin shaidu. In rigima ta tashi bayan shekara biyar a kan ko an biya sadakin ko ajalan ne, waɗanda suka zauna a tabarmar za a nemo. Ba a tambayar su ra'ayinsu a kan auren, ba a tambayar su ko amarya ta dace da ango. Nawa aka ambata, wa ya karɓa, a gaban wa. Haka cinikin gona yake a gaban mai unguwa. Mashaidi ba ya ƙawata magana, kuma in aka tambaye shi abin da bai halarta ba, darajarsa tana cikin ya ce bai sani ba. Makahon nan na Yahaya sura 9 mashaidi ne irin wannan. Farisiyawa, malaman addinin Yahudawa, suka matsa masa ya yanke hukunci ko Yesu mai zunubi ne, ya ce wannan bai sani ba, abu guda ya sani: dā makaho ne, yanzu yana gani.

To, a nan ruɗanin yake. An cakuɗa shaida da wa'azi, an cakuɗa ta da godiya, har da talla. Wa'azi buɗe Nassi ne da koyar da shi, yana da masu yinsa da lokacinsa. Godiya Allah ake yi wa, ko da kowa bai ji ba, wani lokaci da baiko a hannu kamar damin gero bayan kaka. Shaida kuwa godiyar ce aka juyo da fuskarta wajen mutane don su san abin da Allah ya yi. Kutare goma aka warkar a Luka 17, guda ne ya komo yana ɗaukaka Allah da murya mai ƙarfi, ya faɗi gaban Yesu yana godiya, shi ma Basamariye. Shi ya haɗa biyun. Amma a sura ta 18 akwai Bafarisiyen da ya fara addu'arsa da "na gode", ya ƙare da lissafin azuminsa da zakkarsa. Duk shaidar da mai saurare ya tashi yana tuna kuɗin babur ɗin da aka saya fiye da alherin Allah, ta gangara wajen Bafarisiyen. Shi ya sa bai kamata a faɗi adadin kuɗi a gaban taro ba. A bencin baya akwai gwauruwar da jaka biyu ta gagare ta a makon nan, kuma za ta koma gida tana tambayar kanta laifin da ta yi wa Allah.

Tsarin shaida mai kyau gajere ne, minti uku ya isa, biyar ya yi yawa. Mutum ya gaishe da ikilisiya, ya faɗi halin da yake ciki a jimla biyu ko uku, ya faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru, ya faɗi abin da ya sāke a rayuwarsa, ya yi godiya, ya zauna. Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen faɗin halin da mutum yake ciki a dā. Mutum ya cinye minti goma yana zayyana shaye-shayensa na dā har matasa su fara sha'awa, sa'an nan ya ba ceton rabin minti. Ikilisiyar da ta san abin da take yi takan sa mai shaida ya fara gaya wa dattijo guda ko Baba Fasto kafin sujada, a taya shi tace maganar. Wannan kariya ce, domin abin da aka faɗa a lasifika ba ya komawa ciki. Wadda ta ce Allah ya kuɓutar da ita daga "wata a cikin dangi" ta riga ta jefa wa surukarta ko kishiyar uwarta zargin maita, kowa a wurin ya gane wa ake nufi, kuma ba ta da hujja ko ɗaya. Fitowa 20:16 shaidar zur ta kira wannan, kuma faɗarta a majami'a bai canza sunanta ba.

Shaidar warkarwa ta fi kowacce bukatar haƙuri. A Markus 1:44, da Yesu ya warkar da kuturu, cewa ya yi ya je firist ya duba shi, ya miƙa abin da Musa ya umarta, domin shaida a gare su. Wato binciken da kansa yana cikin shaidar. A yau likita ne mai dubawa. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, mutum kuwa yakan ji sauƙi tun a makonnin farko. In ya tashi ya ce ya warke, aka yi tafi, ya ajiye ƙwayoyin, cutar takan dawo ta ƙi jin maganin farko, ta kuma kama na gida. Hawan jini da ciwon suga ba sa nuna kansu kullum, jin daɗin jiki ba gwaji ba ne. A koma a auna, a karɓo sakamako, sannan a tsaya gaban 'yan'uwa. Kafin nan mutum yana iya cewa ya samu sauƙi yana godiya, a ci gaba da yi masa addu'a, wannan ma shaida ce cikakkiya.

A wajen majami'a kuma, Damagaram tana da nata yanayi. Tun 1924 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar Kirista masu yaɗa bishara) ya zauna a garin nan, kuma har yau masu bi 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya, layin famfo ɗaya, kasuwar Dole ɗaya. Ba wanda ya manta Juma'ar 16 ga Janairu 2015 da aka ƙone majami'u. Ayyukan Manzanni 1:8 ta kira masu bi shaidu, 1 Bitrus 3:15 kuma ta faɗi yadda za a yi: a zauna a shirye don amsa wa mai tambaya, da tawali'u da ladabi. Tambayar takan zo ne a wurin gaisuwar rasuwa ko jinya, maƙwabci ya ce, "Malam, yaya ka iya jure wannan?" Amsar ita ce abin da ya riƙe ka, da bakinka, ba tare da taɓa addininsa da kalmar raini ko ɗaya ba. In ya sauya zance, a bi shi a sauya.

Shaidar wani kuma amanarsa ce. Sabon mai bi da ya faɗi labarinsa a gaban mutum ashirin bai ba kowa izinin ɗaukarsa da waya a ɗora a Facebook ba. Kafin la'asar muryar tana iya kaiwa gidan mahaifinsa, ya rasa wurin kwana ko matarsa ko rumfarsa. Mai jagorantar sujada ya sanar tun farko cewa a ajiye wayoyi, in kuma ana watsa sujadar kai tsaye, a kashe na'urar har lokacin shaida ya wuce.