Harbin bindiga a jihar Maradi: me ya sa ake kiransa matsalar lafiyar jama'a?

Ba aikin soja da jandarma ba ne? Me ya kawo likita cikin maganar?

Aikinsu ne, babu musu. Amma wanda aka harba a wani ƙauyen Madarunfa ko Gidan Rumji, gadon likita ake kai shi. Tun 1996 babban taron hukumar lafiya ta duniya, OMS, ya ayyana tashin hankali a matsayin babbar matsalar lafiyar jama'a, a 2002 kuma hukumar ta fitar da rahotonta na farko kan batun. An ƙiyasta cewa mutum kusan 251,000 bindiga ta kashe a duniya a shekarar 2016 kaɗai, ban da waɗanda suka mutu a yaƙi.

Idan kwalara ta ɓarke, ma'aikatan lafiya ba sa tsayawa ga ɗaura ruwa. Suna ƙidaya masu ciwo, su gano unguwar da ta fi kamuwa, su nemo rijiyar da ta gurɓace. Haka ake so a bi harbi: wa ake harbi, a ina, da wane lokaci, bindigar daga ina ta fito.

Daga ina bindigogin suke fitowa?

Hanyoyi da dama. Rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta watsa makamai cikin Sahel. Akwai na sata daga rumbunan gwamnati, akwai ƙirar maƙera, ga kuma doguwar iyaka da Katsina da Zamfara wadda babur ke ƙetarawa cikin dare ta dazuka irin na Baban Rafi. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma a watan Satumbar 2000 an ƙona makamai a bainar jama'a a Agadas bayan sulhu da ƴan tawaye.

Ban da waɗanda harsashi ya sama, wa ke cutuwa?

Nan ne abin ya fi ci mini rai, domin waɗannan ba a cika jin labarinsu a rediyo ba. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, yawancinsu mata da yara. Ƙauyukan da suka karɓe su sun raba hatsi da ruwa da su, alhali su ma ba wadata gare su ba, kafin hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta kai wasu Garin Kaka, Dan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka.

Manomin da tsoron garkuwa ya hana shi zuwa gona ba zai cika rumbu ba. Wanda aka kore wa shanu ya rasa nono, ya rasa abin sayarwa ran rashin lafiya. Gidan da ya biya kuɗin fansa sai ya sayar da gona. Ƙarshen wannan duka tamowa ce a jikin yara, a jihar da ba ta manta yunwar 2005 ba. Mace na naƙuda cikin dare, babu mai kabu-kabun da zai yarda ya hau hanya. Masu rigakafi sun kasa shiga ƙauye, sai ƙyanda ta samu ƙofa. Ga kuma ciwon da ba a gani: rashin barci, firgita da ƙarar babur, yaron da ya daina magana. Wannan ma ciwo ne mai magani, kuma bai kamata a bar mai shi da "yi haƙuri" kawai ba.

To in kowa ya ajiye bindiga a gida, ba a huta ba?

Na fahimci mai wannan tunani, wanda aka kwana ana harbi a ƙofar gidansa ba za a ga laifinsa ba. Sai dai bindigar gida ba ta jiran ɓarawo kaɗai. Tana nan ran rikicin gona, ran faɗan manomi da makiyayi, ran da yaro ya ɗauka da wasa. A Zamfara, ramuwar gayya tsakanin ƴan sa-kai da ƴan bindiga ta ƙara rura wutar da muke jin zafinta yau.

Idan aka harbi mutum a gabana, me zan yi?

Ka fara tabbatar da kai ma ka tsira. Sannan jini: zubarsa ce ke saurin kisa. Ka sami tsumma mai tsabta ka danne raunin da ƙarfi, kada ka ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau sama da raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita. Kada a tono harsashi, kada a zuba toka, ƙasa ko garin magani, kada a ba shi abinci ko ruwa domin wataƙila a yi masa aiki. A lulluɓe shi, a garzaya da shi likita mafi kusa. Akwai allurar rage zubar jini da ba ta amfani sai cikin awa 3 na farko. Ƴan uwa masu ƙoshin lafiya su bi shi, domin akan buƙaci jini.