Dodanni masu rayuwa a jikin wasu a wasan Dungeons & Dragons

Dodanni masu rayuwa a jikin wasu rukuni ne na halittun ƙage a cikin Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a kewayen tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagoran wasa yana ba da labari, ana jefa ɗan lido domin yanke abin da ya faru. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan, kamfanin TSR ya fitar da shi a Amurka a 1974. Abin da ya bambanta wannan rukuni da sauran dodanni shi ne ba kisa nan take suke nema ba. Jikin jarumi suke so, ko don su sha jini, ko su yi ƙwai, ko su mayar da shi gida.

Masu shan jini

Mafi saukin fahimta su ne ƙwarin da aka sani aka kumbura su. Ƙatuwar kaska takan laɓe a rufin kogo ko a kan bishiya, ta faɗo wa mai wucewa, kuma tana iya sa masa cuta. Ƙaton matsattsaku yana zaune a fadama, miyaunsa yana kashe zafin cizo, shi ya sa jarumi kan yi ta tafiya cikin ruwa jininsa na raguwa bai sani ba. Gishiri na kashe shi.

Wanda ya fi suna shi ne stirge, wanda ya fara bayyana a ƙarin dokoki na Greyhawk a 1975. Siffarsa tsakanin jemage da sauro take, da dogon baki mai tsini. An samo sunan daga wani tsuntsun dare na tatsuniyoyin Romawa da aka ce yana shan jinin jarirai. A bugu na biyar na wasan, na 2014, makin ransa (adadin raunin da zai iya ɗauka kafin ya mutu) 2 ne kacal, sara ɗaya ya isa. Amma ba ya zuwa shi kaɗai, kuma da zarar ya maƙale ba ya buƙatar sake kai hari: jini yana ta tafiya a kowane zagaye har sai ya zuƙi maki 10, ko wani ya bar faɗansa ya zo ya fizge shi.

Masu shiga jiki

A nan ne rukunin ya fi ban tsoro. Littafin dodanni na 1977, Monster Manual, ya kawo rot grub, tsutsa mai zama cikin gawa da shara. Idan jarumi ya sa hannu yana laluben aljihun mamaci, sai ta huda fata ta nufi zuciya, ta isa cikin minti 10 zuwa 30. Mafita biyu ce: a kanga wuta a wurin nan take, wanda shi ma ƙuna ne ga mai jikin, ko a yi tsafin warkar da cuta. Sulke da takobi ba su da amfani. A littafin ne kuma aka samu ear seeker, ƙwaro mai zama a tsohon katako, mai shiga kunnen duk wanda ya kara kunne a ƙofa. 'Yan wasa da dama suna kallon waɗannan biyu a matsayin tarko na rashin adalci, kuma suna da hujja, domin hukunci ne a kan taka-tsantsan, abin da wasan kansa yake koyarwa. Sun fi kyau idan jagora ya fara nuna alama, kamar fatar gawa tana motsi.

Slaad, dodo mai kama da kwaɗo da Charles Stross ya ƙirƙira, ya fito a littafin dodanni na Fiend Folio na 1981. Jan nau'insa yana dasa ƙwai ta farce. A bugu na biyar ɗan yana girma wata uku a ɓoye kafin ya fasa ƙirji ya fito.

Mind flayer, dodo mai cin ƙwaƙwalwa, ya fara bayyana a 1975. Daga baya aka bayyana yadda yake hayayyafa: ana sa 'yar tsutsarsa a cikin kan mutum, ta cinye ƙwaƙwalwa, cikin kusan mako guda jikin ya rikiɗe ya zama sabon dodo. A kan wannan ne kamfanin Larian na Beljiyam ya gina wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 a 2023, inda jarumi ke fara labari da tsutsar a bayan idonsa.

Amfaninsu a wasa

Faɗa da ƙaton dodo yana ƙarewa idan ya faɗi. Waɗannan kuwa suna bin jarumai har bayan faɗan, suna tilasta musu neman mai magani, su sauya hanya, su yanke shawarar ko za su ci gaba da kwana kusa da abokin da wani abu ke girma a cikinsa.