Renew, revive, restore da 'yan uwansu: wace kalma ake sawa a ina?

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini wasiƙar da zai kai ofis in duba masa. A layin farko ya rubuta "I want to revive my passport". Na ce masa, "Fasfon naka suma ya yi ne?" Ya yi dariya, amma ya ce ai ƙamus ne ya ba shi kalmar. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙamus kan jera kalmomin nan wuri guda kamar 'yan gida ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kansu.

Me ya sa kusan dukkansu suke farawa da re?

Ɗafa-goshi ne, wato ɗan guntun da ake maƙalawa a farkon kalma, da Turanci ya gada daga Latin, yawanci ta hanyar Faransanci, ma'anarsa "sake" ko "koma". Abin da ke biye da shi ne yake raba su. A revive akwai tushen da ke nufin rayuwa, a renovate akwai na sabo, a rejuvenate akwai na ƙuruciya, a resuscitate kuwa akwai na tayarwa. Renew ita ce mai sauƙin ganewa, tunda new ɗin kowa ya san ta.

To yaya zan san wadda zan ɗauka?

Ka fara tambayar kanka abin da ya sami abin tun farko. Wa'adinsa ne ya ƙare? Suma ya yi? Tsufa ya yi, ko lalacewa, ko gajiya kawai? Mu ma haka muke yi a Hausa ba tare da mun lura ba. Ba ma cewa mun farfaɗo da lasisin tuƙi, sabuntawa muke yi. Ba ma cewa mun sabunta wanda ya suma, yayyafa masa ruwa muke yi ya farfaɗo.

Duk abin da yake da wa'adi, renew ake yi masa: fasfo, lasisi, kwantiragi, kuɗin haya, har da data ta waya. Abin bai mutu ba, lokacinsa ne ya cika aka ƙara masa wani. Wannan ita ce kalmar da ɗalibin nan nawa yake nema.

Renewed kullum abin alheri take nufi?

A'a, kuma a nan masu fassara labarai suke yawan zamewa. Taken yaƙin neman zaɓen Bola Tinubu a 2023, Renewed Hope, an fassara shi da sabunta fata, ya zauna daidai. Amma idan jarida ta ce renewed fighting, ba wani abu aka gyara ba, faɗa ne ya sake ɓarkewa bayan ya lafa. Renewed calls kuma kiraye-kiraye ne aka sake yi. Na sha jin an ce "sabuntaccen faɗa", abin ya tsaya mini a wuya. Kalmar tana nuna abu ya dawo da ƙarfinsa, ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Mene ne bambancin revive, resuscitate da resurrect?

Nisan da abin ya yi zuwa ga mutuwa. Revive ita ce farfaɗo ɗinmu, kuma tana da faɗi ƙwarai. Ana yi wa wanda ya suma, ana yi wa shukar da ta yi yaushi aka ba ta ruwa, ana yi wa al'adar da aka daina. Idan ana maganar masaƙun Kaduna da Kano da suka durƙushe, ita ko revamp za ka fi gani a jaridu.

Resuscitate ta asibiti ce. Numfashi ya ɗauke ko zuciya ta tsaya, ma'aikatan jinya suna danna ƙirji suna hura iska. Harafin R da ke cikin CPR, gajeren sunan wannan taimakon gaggawa, daga nan ya fito. 'Yan siyasa kan ara ta su ɗora a kan masana'antu don maganar ta yi nauyi, amma a hirar yau da kullum ta yi girma da yawa.

Resurrect kuwa sai an mutu murus. Resurrection ita ce tashin matattu: Kiristoci da ita suke kiran tashin Yesu, masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci kuma sukan kira ranar alƙiyama Day of Resurrection. A waje da addini, idan aka ce wani ya yi resurrect ɗin wata magana, to maganar da aka binne ce ya tono, kuma sau da yawa akwai ɗan ƙorafi a ciki, kamar yadda muke cewa ya tayar da tsohon zance.

A littattafan addini da aka fassara, me ya sa nake ganin revival wani lokaci, renewal wani lokaci?

Domin Larabcin ma kalmomi biyu ne. Ihya, wato rayawa, ita ake mayarwa revival, shi ya sa Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali aka san shi a Turanci da The Revival of the Religious Sciences. Tajdidi kuma, wato jaddadawa, ya fi dacewa da renewal, don haka za ka ga an kira Shehu Usmanu Ɗanfodiyo renewer a matsayinsa na mujaddadi. A coci-coci kuma revival na nufin taron wa'azi na kwanaki don zaburar da masu bi.

Masana harsuna ma suna yin irin wannan rabo. Harshen Ibrananci, wanda ya shafe ƙarnuka ba a magana da shi a gida sai a ibada da rubutu, aka dawo da shi bakin yara daga ƙarshen ƙarni na 19, revival aka fi kiran labarinsa. Harshen da yake da sauran masu magana amma yana ja da baya, kamar Maori a New Zealand, revitalization ake cewa ana yi masa. Revitalize kenan: abu yana raye amma ya yi laushi, ana tayar masa da komaɗa.

Gini fa? Restore ko renovate?

Wannan ya danganta da inda kake son ginin ya dosa. Restore mayar da abu yadda yake ne a da. Cocin Notre-Dame na birnin Faris da ya ƙone a watan Afrilun 2019, aka sake buɗe shi a Disambar 2024, restoration aka yi masa, domin burin shi ne ya koma kamanninsa na asali. Da za a gyara ganuwar Kano da jar ƙasa yadda magabata suka gina ta, ita ce kalmar. Renovate kuwa kwaskwarima ce ta zamani: ka cire daɓen siminti ka sa tayil, ka sauya kwano, ka yi fenti. Mai gidan haya renovate yake yi, sannan ya ƙara kuɗi.

Restore ba ta tsaya kan gini ba. Da ita ake dawo da wuta, da zaman lafiya, da sarki kan gadonsa. A tarihin Ingila, dawowar Sarki Charles na biyu a 1660 sunanta kenan, Restoration. Wayar da aka yi amfani da ita aka gyara aka sake sayarwa kuma, refurbished za ka gani a jikin kwalinta.

Refresh da rejuvenate fa?

Refresh wartsakewa ce, abu mai sauƙi kuma na ɗan lokaci: kunun zaƙi mai sanyi da rana tsaka, wanka, ɗan barci. Shi ya sa ake kiran ɗan abin taɓawa da lemon da ake rabawa a taro refreshments, kuma shi ya sa kake refresh ɗin shafin intanet. Rejuvenate komawa ɗanye shakaf ne, tsoho ya ji kamar saurayi. Masu tallar man shafawa sun fi kowa son ta, kai ka san dalili.

Renaissance ma tana cikinsu?

Tana ciki, sai dai suna ce, ba a aikatau da ita. Faransanci ce, ma'anarta sake haihuwa. Da babban harafi tana nufin zamanin bunƙasar zane da ilimi da ya faro a Italiya, musamman birnin Florence, a ƙarni na 14. Da ƙaramin harafi ana iya cewa wata sana'a ko adabi na cikin renaissance, idan ya sake tashe bayan an manta da shi.

Akwai wani tarko da ya kamata in kiyaye?

Akwai na ɗan layin nan da ake sawa bayan re. Re-sign sake sa hannu ne, resign kuwa ajiye aiki. Ɗan ƙwallon da ya yi na farko ya ƙara shekaru a kulob ɗinsa, kocin da ya yi na biyu ya kwashe kayansa. Haka re-cover, sake yi wa kujera riga, da recover, murmurewa daga ciwo. Sai salon maganar nan na wanda ya samu sabuwar dama bayan an fidda rai: mutanen Birtaniya a new lease of life suke cewa, Amurkawa kuma a new lease on life. Idan jarrabawar WAEC kake shiri, ɗauki ta Birtaniya.